Yadda Sabon Mafarauci Zai Zaɓi Bindigar Farauta Mai Sauƙin Kuɗi

Yawancin masu shirin sayen bindigar farauta ta farko suna soma lissafi ne daga inda ya kamata su ƙare shi. Mutum zai ƙwallafa rai a kan wani samfuri da ya gani a hoto, ya tattara ɗan abin da yake da shi ya zuba a kai, sai bayan an gama ciniki ya tuna babu madubin saiti, babu harsashi, babu akwatin ajiya, wataƙila ma dabbar da yake da niyyar farauta doka ba ta yarda a harbe ta da irin wannan harsashin ba. Sunan kamfani da samfuri su ne abu na ƙarshe da za a duba. Dalili kuwa shi ne bindigogi masu araha na wannan zamani sun fi akasarin masu riƙe da su iya harbi. Abin da ke raba wanda ya dawo da nama da wanda ya raunata dabba ta ɓace masa a daji ba tsadar bindiga ba ce. Harsashin da ya dace ne, da bindigar da ta zauna a kafaɗarsa, da yawan atisayen da ya yi.

Maganar da za mu yi a nan ta raifil ce, wato doguwar bindigar da aka yi wa cikin bututunta murɗaɗɗun tsaga. Waɗannan tsagar ne ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwa, juyin kuma shi ke riƙe shi a miƙe har ya kai nesa. Ba ita ce bindigar tsuntsaye ba, mai sumul ɗin bututu da ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma.

Mataki na farko: doka kafin kasuwa

Kafin ka taka ƙafa wurin mai sayarwa, ka san abin da dokar ƙasarka ta ce. Akwai ƙasashen da ba sa ba farar hula izinin mallakar raifil sam, sai dai bindigar tsuntsaye. Akwai waɗanda sai ka ci jarrabawar farauta, an binciki tarihinka, an zo an ga inda za ka ajiye ta. Sannan lasisin bindiga daban, lasisin farauta daban, kowace dabba da lokacinta, wasu dabbobin kuma an haramta taɓa su kwata-kwata.

Dokar takan shiga har cikin zaɓin harsashi. A Ingila da Wales, manyan nau'o'in barewa ba a harbin su da abin da faɗinsa bai kai .240 na inci ba. A Jamus, in ban da ƙaramar barewa, dabbobi masu kofato sai da harsashin da ya kai milimita 6.5, wanda kuma ƙarfinsa bai gaza jul 2,000 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne) a nisan mita 100 ba. Ka ga ke nan harsashin .243, mai faɗin milimita 6.2, da ake yabo a wurare da yawa ba zai yi wa mai farautar aladen daji a can amfani ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, tun 2019 aka hana farauta da harsashin dalma. Kowane wuri da nasa, don haka ka nemi takardar dokar ka karanta da idonka, kada ka tsaya ga an ce. Kuma ka saya a hannun dillali mai lasisi, da takardu cikakku. Bindigar da ba ta da takarda, komai araharta, ita ce mafi tsada da za ka taɓa saya.

Mataki na biyu: wace dabba, a wane irin wuri

Ka ba kanka amsa ta gaskiya, ba ta buri ba. Zomo da kurege ne, ko barewa mai kilo 30 zuwa 100, ko manya masu ɗaruruwan kilo? Kurmi za ka shiga inda ba ka ganin gaba da mita 50, ko fili ne fetal? Sabon mafarauci da wuya ya yi harbin da ya wuce mita 150, kuma bai kamata ya yi ba. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya huta da biyan kuɗin kayan harbin nesa da ba zai mora ba.

Mataki na uku: harsashi ake fara zaɓa

A nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin kowace raifil nau'in harsashi ɗaya aka ƙera ta da shi, kuma da shi za ka zauna muddin tana hannunka.

Idan ƙananan dabbobi ne, ko kuma koyon harbi tukuna, babu kamar .22 LR. Tun 1887 ake yin sa, shi ne mafi araha a duniya, ba ya hauri, wato bugun da bindiga ke yi wa kafaɗa idan ta tashi, ƙararsa ba ta kai ta manya ba. Sai dai iyakarsa ƙananan dabbobi a nisan mita 50 zuwa 75. Harbin barewa da shi zalunci ne, kuma a wurare da yawa laifi ne. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka: idan ya kuskure yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi.

Ga matsakaitan dabbobi, akwai guda huɗu ko biyar da ba a da-na-sani a kansu. Na farko .308 Winchester, wanda ya fito a 1952. Harsashinsa mai nauyin giram 9.7, wato abin da ake rubutawa 150 a jikin kwali, yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 860 a daƙiƙa. Kusan duk kamfanin da ke ƙera raifil yana yin ta .308, kusan duk mai sayar da harsashi yana da shi, bututunsa kuma yana daɗewa bai cinye ba. Sai .243 Winchester na 1955, wanda kwanson .308 ne aka tsuke wa wuya ya ɗauki harsashi mai faɗin milimita 6.2. Haurinsa kusan rabin na .30-06 ne, shi ya sa ake yawan ba matasa da masu ƙaramin jiki. Aibinsa biyu: bai isa manyan dabbobi ba, kuma yana cin maƙogwaron bututu da wuri fiye da .308. A tsakaninsu akwai 7mm-08 Remington na 1980, da 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, wanda cikin 'yan shekaru ya mamaye kasuwa saboda sauƙin hauri da kuma yadda dogon harsashinsa ke jure iska. Kakansa a wannan faɗin shi ne 6.5x55 na Suwidin, wanda mafarautan ƙasashen Sikandinebiya suka fi shekara ɗari suna kayar da ƙatuwar barewar dazuzzukansu da shi, dabbar da kan haura kilo 400. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa inda harsashi ya sauka ya fi girmansa muhimmanci.

Sai tsofaffin hannu, .30-06 Springfield na 1906 da .270 Winchester na 1925. Duka biyun nagartattu ne, amma sun fi hauri, kuma .30-06 yana gab da iyakar abin da mutum zai jure ba tare da ya soma tsarguwa ba. Duk abin da aka rubuta wa Magnum kuwa, irin su .300 Winchester Magnum, ka bar wa gaba. Harsashinsu ya fi tsada, ƙararsu ta fi yawa, kuma su ne kan koya wa sabon hannu mummunar ɗabi'ar nan ta tsarguwa, wato runtse ido da ƙanƙame jiki kafin bindiga ta tashi. Da zarar ta kama mutum, fitar da ita aiki ne na watanni.

In da za a tambaye ni, ga wanda jikinsa ke da ɗan ƙwari .308, ga wanda yake jin tsoron hauri 6.5 Creedmoor ko .243, in dokarsa ta yarda. Amma akwai alƙalin da ya fi ra'ayina: ka zaga wuraren da ake sayar da harsashi a inda kake, ka ga wanne ne ba ya yankewa, wanne ne kuma za ka iya sayen kwali biyar ko goma ba tare da ka ji a jikinka ba. Shi za ka ɗauka.

Abu biyu game da kwalin harsashi. Na farko, na farauta dabam yake da na atisaye. Na farauta an yi shi ne ya buɗe kai idan ya shiga jiki, ya kashe nan take. Wanda aka lulluɓe kansa gaba ɗaya da jan ƙarfe ratsawa yake yi ya wuce, ya bar dabba da rauni, shi ya sa ƙasashe da dama suka hana farautar manyan dabbobi da shi. Na biyu, sunan da aka buga a jikin bututun bindigarka dole ya zama shi ne a gindin kwanso, harafi da harafi. Harsasai da yawa suna kama da juna a ido, wani ma yakan shiga ɗakin da ba nasa ba, sakamakon kuma fashewar bindiga ne a fuskar mai ita. Ko na soja 5.56 da ke kama da .223 Remington ba a sa shi a bindigar da aka rubuta wa .223 kawai.

Mataki na huɗu: ɗauki mai sakata

Raifil iri-iri ce. Akwai mai ɗura kanta bayan kowane harbi, akwai mai hannun da ake karyawa ƙasa irin su Marlin 336, akwai mai cin harsashi ɗaya da ake ɓalle ta gida biyu. Ga sabon hannu mai ƙaramin ƙarfi, mai sakata ce. Ka ɗaga hannun sakatar, ka ja baya kwanso ya fita, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga, ka sauke ta kulle. Tsarin da Paul Mauser ya kammala a Jamus a 1898 shi ne har yau tushen akasarin irinta. Sassanta kaɗan ne, ba ta cika lalacewa ba, tana da sauƙin wankewa, ana iya zare sakatar a ajiye dabam, kuma da kallo ɗaya za ka san ko akwai harsashi a ciki. Ga shi kuma dokokin ƙasashe sun fi sassauta mata. Wani amfanin da ba a cika faɗa ba: tana tilasta maka ka ɗauki harbin farko da muhimmanci.

Me ya sa masu araha suka yi kyau haka? Injunan da kwamfuta ke sarrafawa ne suke yanke ƙarfe yanzu, awo ɗaya dubu bayan dubu, ba tare da an biya maƙeri ya zauna yana gogawa da hannu ba. Ƙotar kuma roba ce da ake zubawa a ma'auni maimakon katakon da ake sassaƙawa. Daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan aji akwai Ruger American da ta fito a 2012, da Savage Axis, da Mossberg Patriot, da Winchester XPR. Sama da su kaɗan akwai Howa 1500 ta Japan, wadda a kan ƙirarta ake yin Weatherby Vanguard, da Tikka T3x ta Finlan, wadda santsin sakatarta ya sa mutane da yawa ba sa ƙara sayen wata bayanta. A ajin .22 kuwa CZ 457 ta ƙasar Cek da Ruger 10/22 mai ɗura kanta, da ake yi tun 1964, su ne aka fi sani. Idan Savage Axis ce ta kwanta maka, ka nemi Axis II, domin ita ce ke da kunamar da ake iya daidaitawa.

Araha ba ta ado, gaskiya ne, kuma a adon ne kamfanonin suka rage kuɗi. Ƙotar takan yi laushi, baƙin fentin ƙarfen yakan yi saurin tsatsa idan ba a shafa mai ba, gidan harsashin roba ne, sakatar takan ɗan yi gurzo kafin ta saba. Babu ɗaya a ciki da zai hana ka samun barewa a mita 100.

Mataki na biyar: raba kuɗin

Ka ɗauki duk abin da ka ware, ka ba bindiga kusan rabi. Kashi ɗaya cikin huɗu na madubin saiti ne da zobbansa. Ragowar na harsashin atisaye, da matoshin kunne, da tabarau na kariya, da maratayi, da kayan wanki, da akwatin ƙarfe mai kulle, da kuɗin lasisi. Idan lissafin bai kai ba, bindigar za ka rage wa, ba harsashin ba.

Mataki na shida: ka riƙe ta kafin ka biya

Duk bayanin da za ka karanta ba zai gaya maka ko bindiga ta dace da jikinka ba. Idan mai kanti ya miƙo maka ita, abu na farko ka buɗe sakata ka leƙa ɗakin harsashi, ka sa ɗan yatsa ka tabbatar babu komai, ko da a gabanka ya duba. Bakinta kuma ya kalli inda babu kowa.

Ka fara sanin idonka mai rinjaye. Miƙa hannuwanka, ka haɗa su ka bar 'yar kafa a tsakani, ka hango wani abu mai nisa ta cikinta da idanu biyu a buɗe, sannan ka jawo hannuwan a hankali zuwa fuskarka. Idon da kafar ta sauka a kai shi ne mai rinjaye. Idan na hagu ne, ya fi maka sauƙi ka koyi harbi daga kafaɗar hagu tun farko, ko da kai ba bahago ba ne, kuma kamfanoni irin su Tikka da Savage da Ruger suna yin bindigogi masu sakata a hagu.

Sai tsawon ƙota. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi, yawancin bindigogin kanti sukan kai santimita 34 zuwa 35, awon matsakaicin namiji. Ka rufe ido, ka ɗora ta a kafaɗa, ka kwantar da kumatunka a kan ƙotar yadda ya yi maka daɗi, sannan ka buɗe. Idan da madubi a kai, ya kamata ka ga cikakken da'ira mai haske ba tare da ka miƙa wuya ko ka ɗaga kai ba. Tsakanin hancinka da babban yatsan hannun da ke riƙe da wuyan ƙotar ya kamata a samu faɗin yatsu biyu. In ya gaza haka, hauri zai kai yatsan hancinka. In ya wuce da yawa, ƙotar ta yi maka tsawo, za ta riƙa maƙalewa a hammata. Ka gwada da irin rigar da za ka sa a daji, don riga mai kauri tana ƙara tsawo. Masu gajeren hannu su tambayi samfurin matasa, ba abin kunya ba ne, wasu ma suna zuwa da faifan da ake ƙarawa ko ragewa.

Nauyi ma abin dubawa ne. Kilo 3 zuwa 3.5 kafin a ɗora madubi shi ne daidai. Mara nauyi tana da daɗin ɗauka, amma ita ce mai zafin hauri, kuma ta fi rawa a hannu lokacin saiti. Bututu mai santimita 51 zuwa 56 ya ishe ka. Ka danna robar da ke gindin ƙotar da yatsa: mai laushi da kauri ta fi, don ita ke shanye bugun.

Ka nemi izini ka ja kunama, bindiga ba komai a ciki. Kunama mai kyau ba ta jan ƙafa. Yatsanka zai ji turjiya, ka ƙara matsi kaɗan-kaɗan, sai ta ɓalle tsaf ba tare da ka ji tana gurgurawa ba. Nauyin jan da ya dace da farauta kilo 1.3 zuwa 1.8 ne. Mai nauyi da yawa tana janye bakin bindiga daga saiti, mai sauƙi da yawa kuma haɗari ce ga yatsan da ke rawa saboda sanyi ko zumuɗi. Ka gwada makullin kariya, ka ji ko babban yatsanka na kai masa ba tare da ka saki riƙo ba, ka ji kuma ko yana ƙara mai ƙarfi, domin dabba na jin wannan ƙas ɗin daga nesa.

Gwaji na ƙarshe: ka zura 'yar takarda tsakanin bututu da ƙota, ka ja ta daga gaba zuwa baya. A yawancin bindigogin zamani ya kamata ta wuce ba tare da ta maƙale ba, alamar bututun ba ya taɓa roba. Sannan ka matse gaban ƙotar da bututun da hannu. In robar ta lanƙwashe ta taɓa ƙarfe cikin sauƙi, to duk ranar da ka jingina ta a kan reshe da ƙarfi, harbinka zai kauce.

Mataki na bakwai: madubin saiti

Kamfanoni sukan haɗa bindiga da madubi su sayar tare a farashi mai jan hankali. Sau da yawa madubin shi ne mafi rauni a cikin haɗin: yakan yi hazo a ciki, ko saitinsa ya goce bayan 'yan harbe-harbe. Gara ka sayi bindiga ita kaɗai, ka nemi madubi daga kamfanin da ke ba da garanti, irin su Leupold, Vortex, Burris ko Bushnell, ko da mafi ƙanƙantar ajinsu ne.

Wanda aka rubuta wa 3-9x40 ya wadatar. Ma'anarsa yana kusanto da abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, gilashin gabansa kuma milimita 40 ne. A daji ka bar shi a 3 ko 4. Wanda ya bar nasa a 9, dabba ta ɓullo masa a mita 30, gashi kawai zai gani ya rasa gabanta da bayanta. Idan ka raba faɗin gilashin da ninkin, za ka sami faɗin hasken da ke isa idonka: a ninki 6, milimita 40 na ba da kusan 6.7, wanda ya isa da asuba da almuru, lokacin da namun daji suka fi fitowa. Ka tabbatar tazarar da ke tsakanin idonka da madubin ta kai santimita 9 ko 10. In ta gaza, haurin farko zai tsaga maka gira. Zobban da ke riƙe shi kada ka yi musu rowa, kuma a ɗaure sukurorinsu da awon da kamfani ya faɗa. Ɗaurewa fiye da kima tana lotsa jikin madubi.

Mataki na takwas: sabuwa ko ta hannu

Raifil ɗin farauta ba ta tsufa da wuri. Da yawa a shekara ba a harba su sau 20, don haka tsohuwar Remington 700, wadda aka soma yi a 1962, ko Winchester Model 70 ta iya fin sabuwa mai araha inganci a kuɗi ɗaya. Sai dai wanda bai san bindiga ba kada ya je shi kaɗai.

Ka zare sakatar, ka haska fitila ta baya, ka leƙa ta baki. Tsagar ciki su fito da kaifi, ƙarfen yana sheƙi. Baƙi-baƙi ko ƙananan ramuka alamar tsatsa ce ta ci. Ka duba leɓen bakin bututun da kyau, domin ko ɗan ɓantarewa a nan yana karkatar da harsashi. Ka duba ƙotar katako a bayan sakata da wuyanta, nan take fara tsagewa. Kan sukurori da suka lalace suna nuna wani ya yi ta buɗe ta ba da sani ba. Bayan ka tabbatar babu harsashi, ka ɗana ta, ka sa makulli, ka ja kunama, ka saki, sannan ka cire makullin. In ta tashi da kanta, ajiye ta ka tafi. Haka in ta tashi don ka rufe sakata da ƙarfi. Lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta takarda. Kafin harbin farko, ka kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga ya auna tazarar ɗakin harsashi da ma'auninsa, aikin mintuna kaɗan ne.

Mataki na tara: daidaita saiti da atisaye

Sabuwar bindiga takan zo da man kariya a cikin bututu. Ka goge shi tas, ka leƙa ka tabbatar babu abin da ya toshe. Sannan ka nufi filin harbi mai izini, inda akwai tudun ƙasa a bayan allon. Matoshin kunne dole ne: ƙarar raifil irin .308 tana kai wa desibel 160, alhali daga 140 kunne yana iya lalacewa da harbi ɗaya, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Ka soma a mita 25. Ɗora bindigar a kan buhunan yashi, ka zare sakata, ka leƙa ta cikin bututu har tsakiyar allon ta zo tsakiyar ramin. Ba tare da ka motsa ta ba, ka murɗa maɓallan madubin har gicciyensa ya hau wuri ɗaya. Maida sakata, harba ɗaya. Da zarar huji ya fito a takarda, gyara, ka koma mita 100. A nan ka harba uku a natse, ka nemi tsakiyar hujin ukun, daga nan za ka auna gyara, ba daga harbi ɗaya ba. A yawancin madubai kowane ƙas ɗaya na maɓalli yana matsar da harbi kusan milimita 7 a mita 100, a wasu kuma santimita 1. An rubuta a jikin maɓallin. A mita 25 sai ka ninka yawan ƙas ɗin sau huɗu kafin ka sami matsi ɗaya. Ka bar bututu ya huce tsakanin rukuni da rukuni, don siririn bututun farauta in ya yi zafi yakan watsa harbi. Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, ka ci gaba da nuna bakinta ga allon na daƙiƙa 30 kafin ka buɗe.

Ka sayi nau'i biyu ko uku na harsashin farauta ka gwada. Kowace bindiga da wanda take so, har guda biyu da suka fito daga inji ɗaya. Wanda ya fi tara huji wuri ɗaya, shi za ka riƙe, da shi kuma za ka yi saitin ƙarshe. Idan hujin uku suka taru cikin santimita 4 ko 5 a mita 100, bindigar ta gama nata. Ka kuma san faɗuwar harsashinka: .308 da aka daidaita a mita 100 yakan sauka ƙasa da kusan santimita 12 a mita 200, a mita 300 kuwa kusan 40.

Daga nan ka bar teburi, domin babu teburi a daji. Ka koyi harbi a kwance, a zaune, a durƙushe, da jingine a kan sanduna. Wurin da ake nema a jikin matsakaiciyar barewa, wato huhu da zuciya a bayan kafaɗa, faɗinsa kusan santimita 20 ne. Ka yanka takarda mai wannan faɗin. Nisan da za ka iya sa harbi tara cikin goma a cikinta, a irin zaman da za ka yi a daji, shi ne iyakarka, ko da mita 70 ne. In kana zargin ka soma tsarguwa, ka sa wani ya ɗura maka bindigar a ɓoye, wani lokaci da harsashi na gaske, wani lokaci da na roba, wato na bogi wanda ba ya tashi. Ranar da kunama ta faɗa a kan na roba ka ga bakin bindiga ya yi sujada, ka kama kanka. Maganinsa jan kunama da harsashin roba a kai a kai, da komawa ga .22 na ɗan lokaci. Shi ya sa, in hali da doka sun ba da dama, 'yar .22 a gefe tana biyan kuɗinta, don abin da za ka kashe a harsashi ɗaya na .308 zai saya maka nata da yawa.

Ka'idoji huɗu da marubucin nan na Amurka Jeff Cooper ya yaɗa su zama jikinka tun a filin atisaye: ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada bakinta ya kalli abin da ba ka nufin harbi, yatsa a wajen kunama sai ka gama saiti, ka tabbatar da abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Ta ƙarshen ce aka fi sakaci da ita. Harsashin babbar raifil yana iya tafiya fiye da kilomita 3, don haka dabbar da ke tsaye a kan tudu, sama ce kawai a bayanta, ba a harbin ta. Motsin ciyawa ma ba a harbin sa.

Idan ka dawo gida, ka sauke harsashi tun kafin ka shiga mota ko ɗaki, ka goge ƙarfen da tsumma mai ɗan mai, musamman in ta sha ruwa ko gumi. Kada ka bar ta a cikin jakar yadi, tana riƙe laima. Ta shiga akwatin ƙarfe a kulle, harsasai a wani wurin dabam a kulle, sakata ma in da hali a cire ta, makullin kuma ya kasance inda yara da baƙi ba su sani ba. Kafin kowane lokacin farauta ya buɗe, ko duk sanda bindigar ta faɗi ko ta sha doguwar tafiya, ka koma filin harbi ka sake gwada saitin da harbi uku.